Yadda ake shimfiɗa zinki oksayid siriri don samun lantarki daga girgiza

A cikin ƙyastun gas mai maɓalli, wanda ake dannawa ya yi ƙas tartsatsi ya fito, akwai ɗan guntun yumbu na musamman. 'Yar ƙaramar guduma ce ke bugunsa, shi kuma ya fitar da dubban bolt cikin ƙiftawar ido. Wannan ɗabi'a ta wasu abubuwa, a matsa su ko a lanƙwasa su su ba da lantarki, ita ce fiyezo. 'Yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, su suka gano ta a 1880 a jikin duwatsun kiristal. A yau masu bincike suna shimfiɗa irin waɗannan sinadarai siriri ƙwarai a kan ƙarfe mai lanƙwasuwa, su ɗora shi a jikin injin da ke girgiza, girgizar ta koma wuta.

Na rubuta wannan ne don ɗaliban fiziks da kemistiri da injiniya na Kano, na Jami'ar Bayero da sauran makarantunmu, musamman masu neman aikin binciken kammala digiri wanda za a iya yinsa da kayan da hannu ke kaiwa. Aikin yana yiwuwa a nan. Amma a san girman abin da ake nema tun da wuri: na'ura mai faɗin santimita ɗaya ko biyu maikurowat take bayarwa, wani lokaci ma ƙasa da haka. Batirin waya yana riƙe kusan jul 54,000. Da maikurowat ɗaya sai an yi shekara sama da 1,700 kafin a cika shi. Saboda haka ba cajin waya muke nufi ba. Muna nufin ciyar da 'yar na'urar awo da ke manne a jikin famfon burtsatse ko injin masaƙa, wadda ke farkawa jefi-jefi ta aika saƙo ta koma barci, ba tare da an riƙa sauya mata batir ba.

Me ya sa zinki oksayid

Sarkin wannan fanni shi ne PZT, haɗin dalma da zikoniyom da titaniyom, wanda aka fara haɗawa a shekarun 1950. Idan aka daidaita zikoniyom kashi 52 da titaniyom kashi 48, ƙarfinsa na fiyezo yakan kai ɗaruruwan fikokulom a kowane niyutin na matsi. Na zinki oksayid, ZnO, kusan 12 ne kacal. Duk da haka ni ZnO nake ba mai farawa shawara, kuma ina da dalilai uku.

Na farko dalma guba ce. Mu a Arewa ba sai an ba mu labari ba: a 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. PZT ana gasa shi a digiri 650 zuwa 700 na ma'aunin Salsiyas, inda wani ɓangare na dalmar ke tashi a iska, har ma masu haɗa shi sukan ƙara dalma kusan kashi 10 don cike abin da zai tashi. Ɗakin gwajin da ba shi da akwatin zuƙe hayaƙi mai aiki da tsarin zubar da sharar guba, bai kamata ya taɓa shi ba. Na biyu, PZT yana son silikon da aka lulluɓe da filatinom, mai tsada, sannan bayan an gama sai an ɗora masa babban bolt a cikin zafi kafin ya daidaita ya fara aiki. Na uku, tazarar da ke tsakaninsu wajen girbe makamashi ba ta kai yadda lambobin farko suke nunawa ba, domin ana raba murabba'in ƙarfin fiyezo ne da ma'aunin riƙon cajin sinadarin. Ma'aunin riƙon cajin PZT yana kusa da 1,000, na ZnO kuwa kusan 10.

Sai dai ZnO yana da sharaɗinsa, kuma duk aikin nan a kansa yake tafiya. Kiristal ɗinsa mai kusurwa shida ne, kuma fiyezonsa yana bin layi guda, wanda ake kira layin c. Ba a iya gyara alkiblarsa da bolt bayan an gama, kamar yadda ake yi wa PZT. Yadda ya tsiro haka zai zauna. Ana so ƙwayoyinsa su tsaya kamar karan dawa a gona, kowanne ya miƙe sama. Idan suka kwanta barkatai, wutar wannan ta cinye ta wancan, mita ba za ta ga komai ba.

A manyan ɗakunan bincike ana shimfiɗa shi da injin da ke fesa ƙwayoyin zarra a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, ko da hasken leza. Mu hanyar ruwan sinadari za mu bi: a fara shimfiɗa iri, wato siririn ZnO na farko, da injin juyi mai baza ruwa a kan faranti, sannan a tsiro da ƙananan sanduna a kansa cikin ruwan zafi.

Kayan da za ka tanada

Sinadarai: zinki asitet mai ƙwayar ruwa biyu, monoetanolamin wanda ake rubutawa MEA, aisofurofanol ko tsantsar itanol, asiton, zinki naitiret mai ƙwayar ruwa shida, hekzamin wanda ake rubutawa HMTA, robar PMMA, da tataccen ruwan ɗakin gwaji. Ruwan leda da na famfo da na rijiya duk ba sa yi, gishirin da ke cikinsu zai shiga shimfiɗar. Sifirit na kemis ma ba ya maye gurbin itanol, akwai ruwa da rini a cikinsa.

Abin shimfiɗawa a kai iri biyu za ka nema. Gilashin FTO, mai fuska ɗaya da aka lulluɓe da tin oksayid mai wuce wuta, don koyo da awo. Da siririn farantin ƙarfen da ba ya tsatsa, mai kaurin milimita 0.05 zuwa 0.1, don ainihin na'urar, tunda gilashi ba ya lanƙwasuwa. Ka guji gilashin ITO, wani irin gilashi mai wuce wuta, a wannan aikin, domin gashi a iska mai zafi sosai yana rage masa wuce wuta. FTO yana jure digiri 500.

Na'urori: sikeli mai auna miligiram, hot filet mai juya maganaɗisu, tanderun ɗakin gwaji, obin ko tukunyar ruwan zafi mai riƙe digiri 90, maltimita, osiloskof, hantsaki, sirinji da matacinsa mai ƙofar maikuromita 0.45. Injin juyi idan babu shi ana haɗawa da fankar kwamfuta ko motar tsohon hadis, a sa mata abin rage gudu, a auna juyinta da takomita, a kife mata roba mai murfi. Kayan haɗa injin juyin duk ana samunsu wajen masu kayan lantarki a Sabon Gari. Safar hannu da tabarau da rigar ɗakin gwaji dole ne.

Mataki na 1: wanki

Yanka gilashin ko ƙarfen zuwa girman da kake so. Santimita 2 sau 2 ya ishi gwaji, na'urar lanƙwasawa kuwa santimita 1 sau 4. Ƙarfen ka goge shi da sanfefa mai laushi, kana sauka zuwa mafi laushi, har ya yi sheƙi, domin kowane ƙarzo tsauni ne ga shimfiɗar da kaurinta bai kai maikuromita ɗaya ba. Gilashin FTO ka ɗora masa maltimita ka gane fuskar da ke wuce wuta, ka yi alama a bayansa.

Sai wanki bi da bi: ruwan sabulu, tataccen ruwa, asiton, aisofurofanol, kowanne minti 10 zuwa 15, a injin wanki mai girgiza ruwa idan akwai. Ka busar a kan hot filet a digiri 100. Gwajin tsabta mai sauƙi ne: ɗiga tataccen ruwa a kan ɗaya daga ciki. Idan ɗigon ya baje, ya wanku. Idan ya dunƙule, akwai sauran maiƙo, ka sake. Daga nan yatsa ba ya ƙara taɓa shi, sai hantsaki, kuma a gefe.

Mataki na 2: haɗa ruwan shimfiɗa

Don mililita 20 mai ƙarfin mola 0.5, auna giram 2.195 na zinki asitet ka zuba a aisofurofanol. Ɗora a hot filet a digiri 60, maganaɗisu yana juyawa, ka rufe bakin kwalbar. Za ka ga ruwan ya yi fari kamar ba zai narke ba. Sai ka riƙa ɗiga MEA, mililita 0.6 gaba ɗaya, wato mol ɗaya na MEA ga mol ɗaya na zinki. Kafin ɗigon ƙarshe farin zai fara yayewa daga tsakiya inda ruwan ke juyawa, cikin 'yan mintuna ya koma garau har kana ganin maganaɗisun a ƙasa. Bar shi yana juyawa awa ɗaya zuwa biyu, ka sauke, ka toshe, ka ajiye a inuwa awa 24.

A takardun bincike da yawa za ka ga an yi amfani da 2-metoksi'itanol. Yana ba da shimfiɗa mai santsi domin sai a digiri 124 yake tafasa, ba ya saurin tashi. Amma yana cutar da haihuwa da ɗan tayi, kuma yana shiga ta fata. Idan ba ku da akwatin zuƙe hayaƙi, ku tsaya kan aisofurofanol. Lafiyar abokan aiki, maza da mata, ta fi santsin shimfiɗa.

Da damina, musamman a watan Agusta, ruwan nan yana shan laimar iska ya yi dishi-dishi ko ya ajiye farin gari a ƙasa. Wanda ya yi haka ya lalace, a haɗa sabo. Kada ka bar kwalba a buɗe, kuma ka haɗa kaɗan-kaɗan.

Mataki na 3: juyi da busarwa

Nan ne yanayin Kano yake nuna kansa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, har ɗakin da aka rufe. Ƙwayar ƙura ɗaya ta fi kaurin shimfiɗarka sau da yawa. Idan ta faɗa lokacin juyi, za ka ɗaga gilashin a haske ka ga ɗigo da doguwar jela ta nufi gefe. Wurin nan rami ne, kuma ta nan wuta za ta zurare daga baya. Maganinsa: goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma kafin ka fara, kashe fanka, rufe taga, sa injin juyin cikin akwatin roba mai haske, kada ka fitar da gilashi daga mazubinsa sai lokacin da za ka ɗora. A watannin Maris zuwa Mayu kuma, da zafi ke haura digiri 40, aisofurofanol yana bushewa kafin ruwan ya gama bajewa, sai shimfiɗar ta yi zane-zane daga tsakiya zuwa gefe. Aikin sassafe shi ya fi a lokacin.

Manna gilashin ko ƙarfen a tsakiyar injin daidai, fuskar FTO ko wadda aka goge tana sama. Ja ruwan da sirinji, sa mataci, ɗiga har ya rufe fuskar. Kunna: juyi 3,000 a minti, na daƙiƙa 30. Yayin da yake juyawa za ka ga launuka suna gudu a fuskar suna sauyawa, sannan su tsaya. Tsayawar ita ce alamar kaurin ya zauna. Sauke, ka ɗauki auduga mai tsinke da ka jiƙa da itanol ka share gefe ɗaya, faɗin milimita 4 ko 5. Nan za ka haɗa wayar ƙasa.

Yanzu ɗora a hot filet mai digiri 300, minti 10. Wannan lambar tana da dalili. MEA a digiri 170 yake tafasa, zinki asitet kuma yana rushewa a wajen 240. A 300 duk waɗannan sun fice kafin kiristal ya fara ginuwa sosai, sai ƙwayoyin su sami sararin tsayawa a kan fuskar da ta fi musu sauƙi, wadda ita ce ke miƙar da layin c sama. Idan ka busar a 100 ko 150 kawai, ragowar sinadarin zai riƙa fita lokacin da kiristal ke ginuwa a tanderu, ya hargitsa jerin. Kada ka yarda da lambar da ke jikin maɓallin hot filet. Auna saman farantin da kanka da ma'aunin zafi mai waya.

Bar shi ya huce sarai, sannan ka maimaita. Kowane zagaye yana ƙara gomomin nanomita. Don iri kawai zagaye 2 zuwa 3 ya isa. Don shimfiɗar da za ka auna ita kaɗai, ka yi 6 zuwa 10. Kada ka ce za ka gajarta hanya da ruwa mai kauri a zagaye ɗaya, tsagewa zai yi.

Mataki na 4: gashi

Sa a tanderu tun yana sanyi. Hau da zafi a hankali, digiri 5 a minti, zuwa 500, ka riƙe awa ɗaya, ka kashe ka bar shi ya huce a ciki ba tare da buɗe ƙofa ba. Hawan kaɗai ya haura awa ɗaya da rabi, don haka kana bukatar wuta ta kusan awa uku ba yankewa, kuma tanderu yakan ci kilowat biyu ko fiye. Ka shirya da malamin da ke kula da ɗakin gwajin a haɗa ranar gashi da lokacin da janareta ke aiki, ku tara samfuran mutane da yawa a gasa tare. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, rubuta a littafi digirin da aka kai da tsawon lokacin, kada ka haɗa sakamakon wannan da na sauran.

Shimfiɗa mai kyau garau take, ana ganin rubutu ta cikinta, da ɗan launi idan an karkata ta. Mai hazo-hazo ko fari-fari ta sha laima ko ta tsage.

Mataki na 5: duba alkiblar kiristal

Ido ba ya ganin alkibla, sai injin XRD, mai haska samfur da hasken X-ray ya nuna yadda kiristal ya jeru. Ko da sai an aika samfur wani gari, a aika. Da hasken X-ray na tagulla da akasarin injinan ke amfani da shi, ZnO yana ba da manyan kololuwa uku: ta 100 a kusurwar kusan digiri 31.8, ta 002 a 34.4, ta 101 a 36.3. A garin ZnO na kwalba ta 101 ce mafi tsayi. A shimfiɗar da muke so ta 002 ce za ta yi zarra, sauran biyun su ƙanƙance ko su ɓace. Idan ukun sun fito kusan kai ɗaya, ƙwayoyin a hargitse suke. Koma ka duba zafin busarwa da adadin MEA da tsabtar gilashin. A kan FTO za ka ga kololuwar tin oksayid na gilashin ma, ɗaya tana kusa da 33.8, kada ka ɗauke ta a matsayin ta 002. Na'urar auna shan haske kuma za ta nuna shimfiɗar ta fara shanye haske a wajen nanomita 375 zuwa 380, daidai da gibin makamashi na kusan 3.3 eV.

Mataki na 6: tsiro da sanduna

Wannan ɓangaren ne ya sa duniya ta waiwayi ZnO. A 2006 Zhong Lin Wang da Jinhui Song, a Georgia Tech ta Amurka, suka nuna cewa lanƙwasa siraran sandunan ZnO yana ba da lantarki. Sandunan da kansu suke tsawo ta layin c, don haka idan irin da ke ƙasa ya daidaita, su ma a tsaye za su fito.

A mililita 100 na tataccen ruwa narkar da giram 0.744 na zinki naitiret da giram 0.350 na HMTA. Kowanne ya zama milimola 25. Zuba a kwalbar gilashi mai murfin murɗawa da ke jure zafi, kada ka cika ta. Jingina samfurin a ciki, fuskar irin tana kallon ƙasa. Wannan kifewar tana da muhimmanci: yayin da ruwan ya yi zafi farin gari yana haɗuwa a cikinsa yana sauka, idan fuskar tana sama zai zube a kanta ya binne sandunan. Rufe, sa a digiri 90, awa 4 zuwa 6. HMTA yana rushewa a hankali yana sakin amoniya, wadda ke sa zinki ya riƙa zama a kan irin kaɗan-kaɗan. Yana sakin fomaldihaid ma, don haka a buɗe kwalbar inda iska ke wucewa, bayan ta huce.

Fito da shi, ɗauraye da tataccen ruwa sosai, busar. Fuskar za ta yi fari-fari bai ɗaya, mara sheƙi. A ƙarƙashin madubin ilektiron za ka ga kawuna masu kusurwa shida a jere, kaurinsu wajen nanomita ɗari, tsawonsu maikuromita ɗaya zuwa biyu. Mai son su ƙara tsawo sai ya mayar cikin sabon ruwa, domin na farko ƙarfinsa ya ƙare. Daga nan a gasa a iska a digiri 350 na minti 30 zuwa awa ɗaya.

Ruwan da ya rage kada a zuba a kwata. Zinki yana kashe halittun ruwa. A tara a jarka mai suna a jiki.

Mataki na 7: toshe zurarewa da sa ilektirod

Ga inda na'urori da yawa suke mutuwa, ko da XRD ya yi kyau. ZnO ba cikakken mai hana wuta ba ne. A ɗabi'arsa yana da ilektiron masu yawo, musamman wanda aka tsiro da shi a ruwa. Da zarar lanƙwasa ta haifar da caji, waɗannan ilektiron sai su ruga su rufe shi. Gashin digiri 350 yana rage su. Wasu masu bincike suna ƙara ɗan litiyom a ruwan haɗi don wannan dalili. Abin da ya fi sauƙi a wurinmu shi ne shinge: narkar da PMMA a anisol ko toluwin, shimfiɗa da injin juyi a 2,000 zuwa 3,000, busar a wajen digiri 100 zuwa 120, maimaita har ya cike tsakanin sandunan ya rufe kawunansu da ɗan siririn rufi. Idan ya yi kauri sosai ƙarfin na'urar zai ragu, idan ya yi siriri wuta ta zurare. Yi samfura masu zagaye 1, 2 da 3 ka gwada.

Ilektirod na sama wanda ya fi shi ne zinare da aka fesa, kuma ɗakunan da ke da madubin ilektiron sukan mallaki ƙaramin injin fesa shi. Ka rufe gefuna kada zinaren ya taɓa ƙarfen ƙasa. Idan fentin azurfa za ka shafa, yi hattara: ruwan da ke cikinsa yana iya narkar da PMMA ya nutse har ƙasa. Shafa siriri, bar shi ya bushe da kansa. Wayoyi kuma da fentin azurfa ake manna su, a ɗora ɗigon gam mai ƙarfi a kai. Ƙarfen lika dalma zai ƙona wurin.

Ɗora maltimita tsakanin sama da ƙasa. Miliyoyin om ake nema ko fiye. Idan ka ga om goma ko ɗari, sama da ƙasa sun haɗu, samfurin ya tashi aiki. Shi ya sa ake yin shida ko takwas a lokaci guda.

Mataki na 8: gwajin gaskiya

Ina roƙon duk wanda zai bi wannan hanya ya tsaya a nan da kyau. Idan ka ƙwanƙwasa na'urar da yatsa osiloskof zai yi tsalle, ko da babu ZnO a ciki sam. Gogayyar fata da roba tana haifar da caji, kuma a busasshiyar iskar hunturu abin ya fi tsanani. Wayoyin ɗaki ma suna watsa hayaniya mai hez 50. Wanda ya ɗauki hoton wannan tsalle ya sa a kundinsa bai auna fiyezo ba.

Ga yadda ake yi. Danne gefe ɗaya na farantin ƙarfen da maƙala mai ƙarfi, ɗaya gefen ya zama a sake. Don girgizawa, tsohuwar sifika ta isa: manna sanda mara ƙarfe a tsakiyarta, ɗora maƙalar a kan sandar nesa da maganaɗisun, ka ba sifikar sauti daga injin ba da sigina ko daga wayar salula ta amfilifaya. Murɗa wayoyin biyu tare, kewaye na'urar da takardar alminiyom da aka haɗa da ƙasa. Kada ka yi gwajin farko a hez 50. Zaɓi 35 ko 70, don ka bambance siginarka da hayaniyar wutar ɗaki. Yi amfani da sandar awo mai ninki 10, wadda ke da megaom 10, domin ƙofar osiloskof mai megaom 1 tana shanye siginar.

Sai gwaji uku. Juya wayoyin, ta sama ta koma ƙasa: sigina ta gaskiya dole ta kife. Gwada samfurin da aka yi masa komai amma babu ZnO: bai kamata ya ba da abin kirki ba. Haɗa na'urori biyu a jere: bolt ɗinsu ya haɗu, idan aka juya ɗaya kuma ya ragu. Abin da ya tsallake ukun nan shi za ka rubuta.

Daga nan ka riƙa sauya saurin girgizar a hankali. A wani wuri bakin farantin zai yi lilo sosai, siginar ta yi sama. Nan ne saurin da na'urar ta fi so. Ƙara nauyi a bakin, ko da ɗan noti ne, yana saukar da shi. Gajarta farantin yana ɗaga shi. Da haka ake daidaita na'ura da injin da za ta zauna a kai. Ƙaramin janareta mai juyi 3,000 a minti yana girgiza a hez 50, babban na dizal mai juyi 1,500 a hez 25, gunjin taransifoma kuma a hez 100.

Bolt kaɗai ba ya nuna ƙarfi. Haɗa rezista daban-daban, daga kiloom 10 zuwa megaom 10, auna matsakaicin bolt na rms a kowanne, ka raba murabba'insa da rezistan, kana lissafa cewa sandar awon ma tana cikin da'irar. Rabin bolt a kan megaom 1 maikurowat 0.25 ne. Ƙarfin zai hau ya kai ƙololuwa ya sauko, kuma ƙololuwar tana zuwa ne idan rezistan ya yi kusa da 1 a raba da 2πfC, inda f saurin girgiza ne, C kuma ƙarfin riƙon cajin na'urar. Na'ura mai nanofarad 2 a hez 50, misali, za ta fi ba da ƙarfi a wajen megaom 1.6. A rahotonka ka faɗi faɗin ilektirod, saurin girgiza da ƙarfinta, da rezistan da ka sa, don wani ya iya maimaitawa.

Mataki na 9: tara wutar

Wutar da ke fitowa mai kai-komo ce, sai an miƙar da ita. Haɗa dayod huɗu gada, ka zaɓi irin Schottky masu ƙarancin zurarewa, waɗanda ke cin bolt 0.2 zuwa 0.3 kowanne maimakon 0.6 zuwa 0.7 na dayod gama-gari. A kowane zagaye wutar tana bi ta biyu, don haka idan na'urarka ba ta kai rabin bolt ba, haɗa biyu ko uku a jere tukuna. Bayan gadar sa kafasita mai maikurofarad 1 zuwa 10, ta yumbu ko ta leda, domin mai ruwa a ciki tana zurar da caji fiye da abin da kake tarawa. Kada ka bar maltimita a manne, tana sha. Taɓa ka karanta ka cire. Maikurofarad 10 a bolt 2 maikurojul 20 ne, kuma raba wannan da daƙiƙun da aka ɗauka shi ne ainihin ƙarfin da na'urar ta ajiye.

Kafin ka kai ta jikin injin niƙa ko famfo, lulluɓe ta da siririyar robar silikon. ZnO yana narkewa a asid, ko mai rauni ne, gumin hannu da laimar damina ma suna cinsa a hankali. Bayan lulluɓewar ka sake auna saurin girgizar da ta fi so, domin nauyin robar zai ɗan saukar da shi, sai ka rage nauyin bakin farantin har ya koma daidai da na injin.